Kokawar mazan macizai: tambayoyin da mutanenmu na Legas suka fi yi

Waɗanda suka fi cin karo da macizai a Legas su ne masu gadin filaye da kangaye a Ajah da Ibeju-Lekki, da masu lambu a gefen hanyar Iba da Ikorodu, da masu haƙa rijiya da masu sassabe. Hausawa kuwa suna da yawa a duk waɗannan sana'o'in. Daga bakinsu aka tattaro tambayoyin da ke ƙasa, galibi bayan wani ya ga macizai biyu sun naɗe juna, ko an turo masa bidiyonsu a WhatsApp an rubuta "miji da mata" a kai.

Na ga macizai biyu sun tufke kamar igiya, sun ɗaga kai sama suna rangaji. Barbara suke yi?

Da wuya. Idan ka ga sun miƙe da rabin jikinsu na gaba, kowa yana neman ya hau kan ɗan'uwansa, mafi yawan lokuta maza ne biyu suke kokawa. Ba kai kaɗai ka yi wannan kuskuren ba. Masana ilimin dabbobi ma sun daɗe suna rubuta shi a matsayin rawar neman aure, sai a 1948 wani mai kula da macizai a gidan namun daji na San Diyego a Amurka, Charles Shaw, ya bayyana cewa macizan nan masu kacau-kacau a wutsiya da ake gani suna wannan rawar duk maza ne.

To yaya zan bambance kokawa da barbara?

Kalli kawunan. A kokawa kawuna suna sama, kuma ba a zaune ake ba: a tufke, a miƙe, ɗaya ya danne ɗaya, a zube ƙasa, a warware, a sake tashi. Akwai gaggawa da ƙarfi a ciki, har ka ji ciyawa da busassun ganye suna ƙara. Yawanci kuma macizan biyu sun yi kusan kai ɗaya a girma, domin wanda aka fi ƙarfi nesa ba kusa ba ba ya tsayawa ma a fara.

Barbara shiru ake yinta, a kwance. Namijin yana bin bayan macen a hankali, yana goga haɓarsa a jikinta, harshensa na fita da sauri. Idan ta yarda sai ta ɗan ɗaga wutsiya, wutsiyoyin biyu su sarƙe, sauran jikin kuma a shimfiɗe. Suna iya yin sa'a guda ko fiye a haka ba tare da wani motsin kirki ba, shi ya sa ba a cika ganinta ba, ba kuma a cika ɗaukar bidiyonta ba.

Akwai abu na uku da ake rikitawa da waɗannan biyun, wato maciji yana cin maciji. Gamsheƙa da danginta suna yi. Alamar wannan a fili take: ɗaya ya kafa baki a jikin ɗayan ya ƙi saki, daga baya ya lallaɓa zuwa kai ya fara haɗiya.

A kan me suke faɗan?

A kan mace. Idan lokacinta ya yi, fatar macijiya tana fitar da wani wari da hancin mutum ba ya ji, kuma duk inda ta ja jiki sai ta bar shi a ƙasa. Namiji yana ɗebo warin da harshensa mai baki biyu, ya kai shi wasu 'yan ramuka biyu da ke ganɗarsa, a can yake tantancewa. Da haka yake bin sawunta. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ya ji ba. Inda maza biyu suka haɗu a kan sawu ɗaya, a nan ake ɗaura ɗamara.

Ka riƙe wannan, domin ya shafi lafiyarka: inda ka ga biyu suna kokawa, ka ɗauka akwai ta uku a kusa wadda ba ka gani ba. An yi bayani a amsar da ta shafi nisan da ya kamata a tsaya.

Tunda suna da dafi, me ya hana su sari juna a huta?

Wannan ce tambayar da ta fi ɗaure wa mutane kai, kuma ita ce ta fi daɗin amsawa. Macizai masu dafi kusan kullum baki a rufe suke kokawa. Abin da kowa ke nema shi ne ya ɗora kansa a kan na abokin karawarsa ya danna shi ƙasa. Wanda ya san kokawar gargajiya ya san wannan dokar: kaye ake nema, ba jini ba. Ɗan kokawa yana iya zuwa fage da wuƙa a aljihun rigarsa, amma a gefe yake ajiye rigar.

Dalilan da masana suka fi karkata gare su ba su da wuyar fahimta. Dafi kayan neman abinci ne, kuma in ya ƙare sai an ɗauki kwanaki kafin jiki ya sake tara shi. Fiƙa tana iya karyewa a jikin abokin faɗa. Sannan duk da maciji yana da ɗan juriya ga dafin irinsa, juriyar ba cikakkiya ba ce, ga kuma ramin da fiƙar kanta za ta huda. Kasar kurmi, wadda ake kira kasar Gabon, fiƙarta tana kai santimita 5. Da a ce da irin wannan ake raba gardama, da mai nasara da wanda aka kayar duk a wurin za su kwana, macen kuma wani can daban ya samu.

Abin mamakin shi ne marasa dafi su ne ba su cika kiyaye dokar ba. Akwai wata irin mesa a Ostareliya da mazanta ke cizon juna sosai lokacin faɗa, har a riƙa kama su da tabo a jiki.

Yaya kokawar take tafiya, kuma yaya take ƙarewa?

Sau ɗaya na taɓa gani da idona daga farko zuwa ƙarshe, a wani fili da aka kewaye ba a gina ba, a hanyar Epe, cikin watan Janairu. Bayan la'asar ne, hazo ya ɗan sauka. Baba maigadin wurin ya yafito ni da hannu, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Malam, zo ka ga ikon Allah, miji da mata suna sha'aninsu." Korayen mamba ne biyu, macizan bishiya masu mugun dafi, a gindin wata bishiyar kwakwar manja, kowanne ya kusa kai mita 2. Daga tsakiyar jiki zuwa wutsiya sun tufke tsam kamar igiyar guga, daga nan zuwa kai kuma sun tashi sama kusan gwiwar mutum, kawunan suna kallon gefe ɗaya. Ɗaya ya zarce ɗayan da ɗan taki, ya lanƙwaso wuya ya maka shi da ƙasa. Kafin ka ƙifta ido na ƙasan ya zame ya dawo sama. Sun yi haka ya fi sau goma, suna mirginawa, har suka bar gindin bishiyar suka iso kan yashin da aka zube don gini. Ba huci, ba buɗe baki. Abin da nake ji kawai shi ne sautin jikinsu a kan busassun ganye.

Ƙarshen bai da wani armashi. Wanda ya fi siranta ya warware jikinsa kawai ya miƙe da gudu ya bi ta ƙarƙashin katanga. Ɗayan ya bi shi 'yar tazara, ya tsaya, ya ɗaga kai yana fitar da harshe, sannan ya juyo ya hau bishiyar da suka baro. Baba ya ce, "Au, ashe kishiyoyi ne." Na ce ai kishiyoyin ma maza.

Haka yawanci take ƙarewa, wani ya gaji ya bar fage. Wata kokawar mintuna kaɗan ce, wata ta wuce sa'a guda, ana hutawa ana komawa. Kasar kurmi, da yake jikinta gajere ne mai kauri, ba ta iya miƙewa sosai, sai dai a sarƙe wuya a yi ta turereniya da matsa, kuma an ga mazanta suna ci gaba ko da sun gangara cikin ruwa.

Wanda aka kayar fa, ina yake nufa?

Yana tafiya da ransa, amma ba da zuciyarsa ba. Wani masani Ba'amurke, Gordon Schuett, ya yi nazarin wannan a kan wani maciji mai dafi na ƙasarsu mai kai launin tagulla. Ya samu cewa mafi girma ne ke yin nasara a mafi yawan karawa, kuma wanda aka kayar sinadarin damuwa yana hauhawa a jininsa, ya daina neman mace na wani lokaci ko da an kai shi gabanta ba kowa. Har ma an ga macen tana ɗaga kai kamar namiji mai neman faɗa, kuma wanda bai daɗe da shan kaye ba sai ya ja da baya. Masu ragunan karo a Agege sun san irin wannan: ragon da aka kora jiya ba a yi masa gaggawar komawa fage.

Duk macizai ne ke wannan kokawar? Waɗanne zan iya gani a Legas?

Ba duka ba. An tabbatar da ita a dangin kasa da kububuwa, da dangin gamsheƙa da mamba, da wasu daga cikin mesa da macizan da ke cin ɓeraye. Wasu kuma turmutsitsi suke yi maimakon faɗa. A Narsis da ke lardin Manitoba a Kanada, dubban wasu ƙananan macizai marasa dafi suna fitowa daga ramuka in sanyi ya wuce, maza da yawa su dunƙule a kan mace ɗaya, ba wanda ya kula da wani.

A yankin Legas, da yake kurmi ne da fadama da bakin ruwa, masu dafin da aka sani sun haɗa da koren mamba, da baƙar gamsheƙar kurmi, da kumurci mai tofi, da kasar kurmi. Akwai mesa, babba da ƙarama. Kububuwar nan da ake wa kirari da gobe da nisa, wadda ta addabi manoman Gombe da Taraba da kudancin Filato, macijiyar fili ce, ba ta kurmi ba. Bidiyon baƙin mamba kuwa da ke yawo a wayoyi, inda biyu ke kokawa a tsakiyar hanya motoci sun tsaya, yawancinsu daga Afirka ta Kudu suke, ko da an rubuta Lekki a kai.

Akwai lokacin da aka fi ganinta a shekara?

Tana bin lokacin barbarar kowane iri, don haka ba wata ɗaya ba ne ga duka. Ga koren mamba na kudancin Najeriya, binciken da aka yi a yankin Neja Delta ya nuna mazan suna faɗa da rani, wajen Disamba da Janairu, matan kuma su yi ƙwai idan damina ta kama. Rani yana da wani taimakon ga mai kallo: ciyawa ta bushe, an yi sassabe, ido yana kaiwa nesa. Da damina macizai sun fi shigowa gidaje, amma wannan ambaliya ce ke koro su daga ramukansu, ba neman mata ba.

Ina zan je idan ina so in gani da gangan?

Gaskiyar magana, ba a yin alƙawari da ita. Akwai masanan da suka shekara da shekaru a daji ba su gani ba sai sau ɗaya ko biyu, maigadi kuma yana zaune a kan benci ta zo ta same shi. Idan dai kana son ka koyi kallon dabba a muhallinta cikin aminci, Cibiyar Kare Namun Daji ta Lekki ta fi ko'ina sauƙi. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ce ta kafa ta a 1990, faɗinta hekta 78, kuma an yi hanyar katako a saman fadamar yadda ƙafarka ba za ta taka ciyawa ba, ga gadar sama mai tsawon mita 401. Abin da ka fi tabbacin gani a can birai ne. Ka je da sassafe a ranar aiki, kafin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin da hayaniya, ka riƙa tafiya a hankali kana duba rassa da bakin ruwa.

Kada ka shiga daji kana ɗaga itatuwa ko tona ramuka wai kana neman macizai. Wannan neman sara ne.

Idan na ci karo da su, nisa nawa zan tsaya?

Mita 5 ne mafi ƙaranci, in da hali ka ninka. Maciji ba ya kai sara fiye da kusan rabin tsawonsa, amma masu kokawa ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba, kuma wanda aka kayar idan ya ɓalle da gudu ba ya duba ko kai ne a hanya. Kumurci kuma yana feso dafi ya sami idon mutum daga mita 2 zuwa 3. Kada ka tsaya tsakaninsu da daji, ko rami, ko bishiya mafi kusa, domin can mai gudun zai nufa.

Kafin ka ja da baya, dubi ƙasa. Hankalinka duk yana kan biyun da ke motsi, ita kuwa wadda ake faɗan dominta tana iya kasancewa kwance a ciyawar da ke bayanka, ko a reshen da ke saman kanka. Idan kasa ce abin ya fi muni, don ba ta gudu, barcinta take yi har a taka ta. Mutane suna cewa masu kokawar ba sa ganin kowa, kuma akwai gaskiya a ciki, sukan shagala ƙwarai. Amma shagalar tana iya yankewa a kowane lokaci. Maciji ba shi da kunne a waje, sai dai yana jin girgizar ƙasa ta haɓarsa, saboda haka takun mutum biyar da suka rugo kallo ya isa ya watsa su, kowanne ya yi ta kansa.

Zan iya ɗaukar bidiyo? Yana da wani amfani?

Yana da shi sosai, domin abin da aka rubuta kan macizan Afirka ta Yamma bai kai na Turai da Amurka ba. Ka ɗauka daga inda kake tsaye, ka jawo hoton da wayar maimakon ka matsa da ƙafa, kada ka kunna fitila, kada ka jefa dutse don su motsa. Ka bar bidiyon ya yi tsawo har ƙarshen karawar, don wanda ya gudu da inda mai nasara ya nufa su ne suka fi amfani. Bayan nan ka rubuta rana, da lokaci, da unguwa, da ko an yi ruwa, da tsawon lokacin da suka ɗauka. Manhajar iNaturalist tana karɓar hotuna irin waɗannan, kuma masana suna taimakawa wajen gane irin macijin.

A filin da nake gadi na gan su. In kashe su? An ce in ka kashe ɗaya, ɗayan zai biyo ka ramuwa.

Zancen ramuwa ba shi da tushe, maciji ba ya riƙe fuskar mutum. Amma ana iya gane inda zancen ya samo asali. A lokacin barbara, idan aka kashe mace aka ja gawarta, warin da aka yi bayani a amsar "a kan me suke faɗan" yana nan a ƙasa, sai washegari a ga wani maciji a daidai wurin, a ce mijinta ne ya zo.

Game da kisa kuwa, ra'ayina shi ne a bar su. Mai sanda dole ya shiga inda sara ke kaiwa, kuma a nan macizai biyu ne a fusace, wataƙila uku. In ka bar su, a ƙarshe ɗayansu zai gudu da kansa. Ka janye yara da awaki, ka rufe ƙofar ɗakinka, ka sanar da mai filin. Idan suna yawan dawowa, abin da ke kawo su za a gyara: ciyawar da ta yi tsawo, tarin bulo da katako, da bolar da ke tara ɓeraye. In maciji ya shige cikin ɗaki ya ƙi fita, a nemi wanda aikinsa ke nan. Da dare kuma kada ka zaga fili da silifa ba tocila, ko da ka san wurin kamar tafin hannunka.

Ganin macizai biyu a tufke alama ce ta wani abu?

Wasu suna cewa arziki ne, wasu suna cewa aljanu ne ko an yi wa filin asiri. Hukuncin macijin gida a addini malamai za a tambaya. Abin da ido ya gani dai yana faruwa a dajin da ba kowa, a Indiya da Suwidin da Epe, a lokacin da aka san irin macijin yana barbara.

Idan tsautsayi ya sa an sari wani fa?

A ɗauke shi daga wurin, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi kamar yadda ake yi wa karaya, a nufi babban asibiti nan take. A Legas ana kiran 112 ko 767 don neman agaji, kuma manyan asibitocin koyarwa su ne LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya jiran baƙin dutse ko mai magani. Allurar kashe dafi ce ke ceton rai, kuma saran mamba da gamsheƙa yana iya tsayar da numfashi cikin 'yan sa'o'i, ga cunkoson Legas da zai ci nasa rabon. Ba sai an kamo macijin an tafi da shi ba, hoto daga nesa ya wadatar. Idan tofin kumurci ne ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, ba murzawa, sannan a je asibiti.

Me ya sa a wasu macizan namiji ya fi girma, a wasu kuma mace?

Kokawar nan tana da hannu a ciki. A 1978 masanin Ostareliya Richard Shine ya jera ire-iren macizai masu yawa ya kwatanta, ya ga cewa inda maza ke kokawa, galibi namiji ya kai mace girma ko ya fi ta, domin babba ne ke kayarwa, shi ne kuma ke barin 'ya'ya. Haka abin yake ga sarkin gamsheƙa na Indiya da masu kacau-kacau na Amurka. Inda ba a kokawa kuwa mace ce ke rinjaye, saboda babbar mace ta fi ɗaukar ƙwai ko 'ya'ya. Anakonda, ƙatuwar macijiyar ruwa ta Kudancin Amurka, ita ce misali mafi fitowa fili, macen tana ninka namijin nauyi.

Dokar tana da masu karya ta. Kububuwar Turai mazanta suna kokawa duk bazara, kuma Thomas Madsen, wanda ya shekara da shekaru yana bin su a kudancin Suwidin, ya ga manyan mazan ne ke cin yawancin karawa, amma duk da haka matan sun fi su girma. Don haka girma kaɗai ba zai gaya maka jinsin macijin da ke gabanka ba. Masu aikin suna duba wutsiya: ta namiji ta fi tsawo, kuma ta fi kauri a gindi, domin a nan al'aurarsa take ɓoye, guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Wannan dubawar ta wanda ya riƙe maciji a hannu ce da kayan aiki. Kai da kake tsaye a mita 5, kawunan za ka kalla.